Yadda ake gyara allon kwamfuta bayan an cire direban hoto

Mutum ya cire direban hoto saboda kwamfutarsa tana daskarewa ko wani wasa ya ƙi buɗewa, ya sake kunnawa, sai ya tarar rubutu ya kumbura, hotuna sun baje, ko allon ya yi baƙi ƙirin. Da yawa a nan Legas, da sun ga haka, sai su saka laftof a jaka su kama hanyar Computer Village a Ikeja, ko Alaba International, da tunanin allo ya mutu. Mafi yawan lokuta allon lafiyarsa ƙalau. Kafin ka kashe kuɗin mota daga Agege ko Mile 12, ka sha cunkoso, a canja maka abin da bai lalace ba, bi waɗannan matakai a gida.

Direba shi ne tafinta tsakanin Windows da cif ɗin da ke zana hoto a allo. Idan an cire shi, Windows ba ta zama haka kawai, takan koma kan wani ƙaramin direba nata mai suna Microsoft Basic Display Adapter. Wannan aikinsa kawai ya nuna maka hoto. Ba ya iya rage haske ko ƙara shi, sau da yawa ba ya ganin allo na biyu da aka jona ta HDMI, bidiyo yakan riƙa tsinkewa, kuma zaɓin Sleep yakan ɓace. Idan abin da kake gani ke nan, to ka gode wa Allah, matsalarka mai sauƙi ce.

Fara da tantance inda ciwon yake

Kashe kwamfutar gaba ɗaya, ka kunna, ka zuba wa allon ido tun daga daƙiƙar farko. Idan tambarin HP, Dell ko Lenovo ya fito sarai, sannan allon ya ɗauke bayan Windows ta fara shigowa, to allo da wayarsa da cif ɗin suna aiki, domin wannan tambarin yana fitowa ne tun kafin a taɓa kowane direba. Galibi laifin manhaja ne.

Idan kuwa ko tambarin bai fito ba, cire direba ba ya haifar da haka. A laftof, haska fitilar waya a gefen allon cikin ɗaki mai duhu. In ka ga inuwar rubutu dishi-dishi, fitilar bayan allo ce ta mutu ko wayarta ta kwance, wannan aikin mai gyara ne. A kwamfutar tebur kuma duba bayan akwatin: akwai wurin jona allo a sama, kusa da ramukan USB, akwai kuma na katin hoto a ƙasa, a kwance. Mai katin hoto na kamfanin NVIDIA ko AMD, a ƙasa zai jona wayar allonsa. Mutane kan zare waya lokacin da hankali ya tashi su mayar da ita a ramin sama, su yi ta neman matsala a inda babu ita.

Akwai dabaru uku da ba sa cin minti biyu. Danna maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B a lokaci ɗaya. Wannan yana sake tayar da direban hoto, za ka ji ɗan ƙara, allon ya ƙifta. Na biyu, danna Windows da P, ka danna kibiyar ƙasa sau ɗaya, ka danna Enter, ka jira kaɗan, ka maimaita har sau huɗu. Dalili shi ne wani lokaci Windows tana tura hoton zuwa allo na biyu da babu shi, musamman ga wanda ya saba jona kwamfutarsa da talabijin. Na uku, idan allon baƙi ne amma kibiyar linzami tana yawo, danna Ctrl da Shift da Esc, ka zaɓi Run new task, ka rubuta explorer.exe.

Shiga Safe Mode idan allon ya ƙi dawowa

Kunna kwamfutar, da zarar tambari ya fito ɗigogin nan sun fara juyawa, danne maɓallin wuta kamar daƙiƙa 10 har ta mutu. Maimaita sau biyu ko uku. A kunnawa ta gaba Windows za ta shiga Automatic Repair da kanta. Daga nan zaɓi Advanced options, sai Troubleshoot, sai Advanced options kuma, sai Startup Settings, sai Restart. Jerin lambobi zai fito. Lamba 4 ita ce Safe Mode, wato tayar da Windows da direbobin da suka zama dole kawai, lamba 5 Safe Mode da intanet, lamba 3 kuma tana tayar da Windows yadda ta saba amma da ƙaramin ma'aunin allo, wato yawan ɗigogin da ke haɗa hoton. Lamba 3 ita ce maganin wanda allonsa ke rubuta Out of Range, wato an ba shi ma'auni ko saurin ƙiftawa da ya fi ƙarfinsa.

Hattara a nan: idan an kulle faifan ajiyar kwamfutar da BitLocker, wato makullin tsaro na Windows, za a iya neman mabuɗi mai lambobi 48 kafin a bar ka ka wuce. Galibi yana ajiye a asusun Microsoft da aka shiga kwamfutar da shi, kana iya dubo shi da wayarka. Masu laftof ɗin tokumbo da ba a goge Windows ɗin tsohon mai ita ba su ne wannan ke cizo, domin mabuɗin yana hannun wani a Ingila ko Amurka. In ka san haka taka take, kwashe takardunka zuwa filashi tun allon yana nunawa.

Gane wane cif ne a cikin kwamfutarka

Nan ne aka fi yin kuskure, don haka za mu daɗe a kai. Mutum ya ga an rubuta Core i5 a jikin laftof, ya shiga intanet ya sauke duk direban da ya fara gani. Ko kuma a haɗa shi da irin manhajojin nan masu ɗora direbobi barkatai, waɗanda ake yawo da su a filashi. Suna iya sa direban da bai dace ba, wasu kuma su cusa maka tarkacen talla. Ka guje su.

Danna Windows da R, ka rubuta devmgmt.msc, ka danna Enter. Device Manager zai buɗe, wato jerin na'urorin da ke cikin kwamfutar. Buɗe Display adapters. Idan sunan cif ɗin ya fito, shi ke nan. Idan Microsoft Basic Display Adapter kawai ka gani, danna shi sau biyu, ka shiga Details, ka zaɓi Hardware Ids. Za ka ga layi mai ɗauke da VEN da lambobi huɗu. VEN_8086 Intel ne, VEN_10DE NVIDIA ne, VEN_1002 AMD ne. Lambobi huɗun da ke bayan DEV su ne ainihin samfurin; rubuta layin a Google da wayarka, sunan zai fito. Ka duba ƙarƙashin Other devices ma, domin cif na biyu yakan ɓuya a can da suna 3D Video Controller da alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa.

Laftof da yawa cif biyu gare su, na Intel da ke cikin firosesa, da na NVIDIA ko AMD don aiki mai nauyi. A yawancinsu na Intel ne ke riƙe da allon, ɗayan yana taya shi ne kawai idan an buɗe wasa ko manhajar gyaran bidiyo. Shi ya sa wanda ya cire direban Intel da tunanin ai yana da NVIDIA yake rasa ikon haske nan take. Ƙa'idar ɗorawa: Intel da farko, a sake kunnawa, sannan NVIDIA ko AMD.

Ga mai laftof, shafin kamfanin da ya ƙera ta shi ne wurin farawa. Juya ta ka karanta lambar da ke ƙasa: Service Tag a Dell, lambar siriyal ko lambar samfuri a HP da Lenovo. Kamfanonin nan sukan yi wa direban Intel gyare-gyare don ya dace da maɓallan haske da batirinsu, kuma a tsofaffin samfura direban da aka sauke kai tsaye daga Intel yakan ƙi shiga, ya rubuta cewa ba a tantance shi don wannan kwamfutar ba. Ga mai kwamfutar tebur kuwa, shafin NVIDIA ko AMD ya fi. Idan katin tsoho ne, sabon direba ba zai karɓe shi ba. Katunan GeForce na jerin 400 da 500 sun tsaya a direba 391.35, don haka sai ka zaɓi samfurinka da hannu a shafin, ya ba ka wanda ya dace.

Direban NVIDIA ko AMD na yanzu yakan haura megabait 600. Sauke shi sau ɗaya inda intanet ke da ƙarfi, ka ajiye a filashi. In ka sauke ta waya ka tura ta kebul, duba girman fayil ɗin ya yi daidai da wanda aka rubuta a shafin, domin rabin fayil yakan fara ɗoruwa ya tsaya a tsakiya.

Share ragowar tsohon direba, sannan ka ɗora sabo

Cirewa ta Control Panel ba ta kwashe komai. Akan bar fayiloli da saituna a baya, sabon direba ya zo ya tarar da su su yi ta karo, allo ya riƙa ƙiftawa ko ya ɗauke. Abin da masu sana'a ke amfani da shi shi ne Display Driver Uninstaller, wanda aka fi sani da DDU, kyauta ne daga Wagnardsoft. Sauke shi tare da sabon direban tun kafin ka fara.

Katse intanet tukuna, kashe Wi-Fi, zare kebul. In ba haka ba, da zarar an share tsohon, Windows Update za ta riga ka ɗora nata, ka koma gidan jiya. Shiga Safe Mode, buɗe DDU, a gefen dama zaɓi GPU, wato cif ɗin hoto, ka zaɓi kamfanin, ka danna Clean and restart. Bayan ta tashi, allon zai kasance da manyan rubutu, haka ya kamata. Yanzu buɗe sabon direban. A na NVIDIA zaɓi Custom, ka sa alama a Perform a clean installation.

Lokacin ɗorawa allon zai ɗauke ya dawo sau biyu ko uku, wani sa'in ya yi baƙi na kusan rabin minti. Kada ka taɓa maɓallin wuta. Kuma kada ka fara wannan aikin kana dogaro da wutar NEPA kaɗai. Laftof mai mataccen batiri ko kwamfutar tebur marar UPS, in aka ɗauke wuta ana tsakiyar ɗorawa, za ka koma farko, wataƙila ma da matsala ta fi ta da. Jira a tayar da janareta ya daidaita, ko ka jona da inbata.

Bayan ta sake tashi, danna dama a kan allo, ka shiga Display settings, ka zaɓi ma'aunin da aka rubuta Recommended a gabansa. Yawancin laftof ɗin da ke kasuwa 1366 x 768 ne ko 1920 x 1080. In rubutu ya yi ƙanana, Scale za ka ɗaga zuwa 125 ko 150, ka bar ma'aunin yadda yake. Rage shi yana sa rubutu ya yi hazo. Idan haske har yanzu ya ƙi motsi, koma Device Manager, buɗe Monitors, ka duba ko Generic PnP Monitor yana kashe, ka kunna shi. Idan kuma kwana biyu bayan gyara matsalar ta dawo, Windows Update ce ta maye gurbin direbanka: danna sunan cif ɗin sau biyu, shiga Driver, danna Roll Back Driver.

Masu Ubuntu

Ga masu amfani da Linux irin su Ubuntu maimakon Windows, abin yakan fi tsoratarwa, domin bayan cire direban NVIDIA kwamfutar takan tsaya a baƙin allo da ɗan layi yana ƙiftawa. Sababi biyu ne galibi: an bar tsohon fayil /etc/X11/xorg.conf yana kiran direban da babu shi, ko an bar umarnin da ya hana nouveau tashi, wato direban kyauta da ya kamata ya karɓi aikin. Danna Ctrl da Alt da F3, ka shiga da sunanka. Canja wa fayil ɗin suna da sudo mv /etc/X11/xorg.conf /etc/X11/xorg.conf.old, sannan ka nemo umarnin da grep -r nouveau /etc/modprobe.d, ka goge layin blacklist ɗin da ya fito, ka bi shi da sudo update-initramfs -u, ka sake kunnawa. In kana son direban NVIDIA ya dawo, sudo ubuntu-drivers install zai zaɓo wanda ya dace. Idan ko F3 ɗin bai amsa ba, a jerin GRUB, wato jerin zaɓin da ke fitowa kafin Ubuntu ta tashi, danna e, ka ƙara nomodeset a ƙarshen layin da ke da quiet splash, ka danna F10.

Lokacin da ya dace a kai wa mai gyara

Idan ka share da DDU, ka ɗora direban da ya dace, amma Device Manager yana nuna Code 43 a kan cif ɗin, ko kuma layuka masu launi da ɗigo-ɗigo suna fitowa tun a kan tambarin kamfani, to cif ɗin ne ke ciwo. Sau da yawa dama shi ne ya jawo daskarewar da ta sa aka cire direban tun farko. Zafi ne babban maƙiyinsa: ƙura ta haɗu da damshin Legas ta zama kamar auduga a bakin fanka, man da ke tsakanin cif da ƙarfen sanyaya shi ya bushe. Ka ce wa mai gyara ya buɗe a gabanka, ya share fanka, ya canja man. Idan ya ce zai gasa cif ɗin da iska mai zafi, ka sani hoton yakan dawo, amma ba ya daɗewa, don haka kada ka biya kuɗin gyara na dindindin a kansa. A laftof mai cif biyu akwai mafita da ba ta cin ko kwabo: danna dama a kan na NVIDIA ko AMD a Device Manager, ka zaɓi Disable device. Na Intel zai ci gaba da riƙe allon, kuma ya wadatar ga rubutu, lissafin shago, karatu da kallon bidiyo.