Yadda na kwance sukurun fanka bayan kalmar strip ta ɓatar da ni

Fankar ɗakina ta daina juyawa, na ce bari in buɗe ta da kaina. Sukuru uku suka fita lafiya, na huɗu ya ƙi. Sukudireba sai zamewa take yi a kansa.

Na duba bayanin gyara a intanet, na ga an kira irinsa stripped screw. Ni dai strip ɗin da na sani shi ne tuɓe riga, sai kuma fere robar waya a fito da jan ƙarfen ciki. Sai na ɗauka nufinsu in kankare fentin da ke kan sukurun. Minti 20 ina ta kankara da reza, a banza.

Ashe a nan ma'anarta ramin kan sukurun ne ya cinye, har bakin sukudireba ba shi da wurin kamawa. Abin da mu muka rarraba, mu ɓare gyaɗa, mu fere doya, mu feɗe akuya, mu yaye zanin gado, Bature yakan tattara wasunsu a kalma ɗaya. Bai ma tsaya nan ba, katin ƙwayar magani strip ne, haka ma Zirin Gaza.

Maganin kuwa ɗan ƙarami ne. Na shimfiɗa robar ɗaure kuɗi mai faɗi a kan sukurun, na danna sukudireba da ƙarfi, na murɗa hagu a hankali. Robar ta cike ramin, ta kama. A murɗi na uku ya motsa. Washegari na sayo sabo, na jefar da tsohon.