Yadda ake kai iyali kwazazzabon Grand Canyon a fito lafiya

Grand Canyon yana jihar Arizona ta Amurka. Kogin Colorado ne ya haƙa shi, tsawonsa kilomita 446, zurfinsa ya haura kilomita ɗaya da rabi, kuma tun 1919 aka mai da shi gandun ƙasa. Maganar biza da hayar mota na bar muku, wanda ya kai ga shirya wannan tafiya ya san su.

Da farko ku nufi gaɓar kudu, wadda ake kira South Rim. A buɗe take duk shekara, nan ne kuma ake samun masauki da abinci da bas na kyauta. Gaɓar arewa rufe hanyarta ake yi lokacin sanyi saboda dusar ƙanƙara. Kada tallar gadar gilashin nan ta Skywalk ta ruɗe ku, tana ƙasar ƙabilar Hualapai ne, ba cikin gandun ba, kuɗinta ma daban. Masaukin cikin gandu kan cika watanni kafin lokaci. In kuka rasa, akwai garin Tusayan a bakin ƙofa, ko Williams da Flagstaff da suka fi nisa, muddin za ku iya sammako.

Ku iso da sassafe kafin layin motoci ya yi tsawo, ku ajiye mota a cibiyar baƙi, ku taka zuwa Mather Point, wurin tsayawa a kalli kwazazzabon. Ranar farko ba a sauka, wannan doka ce a wurina. Gaɓar tana kimanin mita 2,100 sama da teku, numfashi kan yi wa baƙo gajarta. Ku bi hanyar bakin gaɓa, ku shiga gidan tarihin duwatsu na Yavapai, ku karɓa wa yara ɗan littafin Junior Ranger, shirin da gandun ke koya wa yara kula da shi. In sun cika shi, ma'aikaci zai rantsar da su ya ba su baje.

Sai sauka, kuma nan ne nake ganin iyalai suna shiga uku. Dutse kowa ya san hawa ake fara yi, in an gaji a juyo. Kwazazzabo akasin haka yake: ana farawa da gangara, ƙafa na tafiya da kanta, yara na tsalle, uba na cewa a ƙara gaba kaɗan. Ba wanda zai ji gajiya sai an juyo an ɗaga kai an ga bangon da za a hau. Hukumar gandun kanta tana gargaɗin cewa hawa kan ci ninki biyu na lokacin sauka. Saboda haka agogo za ku bi, ba yadda jiki yake ji ba. In awa ɗaya da rabi kuka ware, minti 30 na cika ku juya, ko da kowa na roƙon a ci gaba.

Zafi ma ƙaruwa yake yi ana sauka. Sama na iya yin daɗi alhali can ƙasa ya haura digiri 40 a bazara. Tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma kada rana ta same ku kuna hawa da yaro. Kowa ya ɗauki gorar ruwansa, har ƙaramin, a haɗa da abin taunawa mai gishiri, don ruwa zalla ba gishiri shi ma yana kwantar da mutum. Ba sai kun sayi ruwan roba ba, akwai famfunan cika gora kyauta a gaɓa.

Ni hanyar Bright Angel nake zaɓa wa mai yara, tana da inuwa a wurare, akwai kuma rumfar hutawa a mil ɗaya da rabi. Ko ita ɗin ma ta yi wa ƙananan yara nisa, ramin dutse na farko da hanya ta ratsa ya ishe su. Hanyar South Kaibab ta fi kyan gani, musamman wurin kallo na Ooh Aah Point da bai kai mil ɗaya ba, amma ba ruwa, inuwa kuma kaɗan ce. In kun ci karo da ayarin alfadarai, ku rakuɓe jikin bango ku yi shiru, ku bi abin da jagoransu ya ce.

Wurare da yawa ba shinge. Ku bar aƙalla mita 2 tsakaninku da baki, a riƙe hannun yaro, hoto bai kai rai ba. Kada a ba kurege abinci, cizo yake yi. A Yuli da Agusta in kun ji tsawa ku bar gaɓa ku shiga gini ko mota.

Da yamma ku hau bas ɗin Hermit Road zuwa Hopi Point don faɗuwar rana, da rigar sanyi a hannu. Ranar tafiya ku fita ta ƙofar gabas, ku tsaya a hasumiyar Desert View da aka gina a 1932, daga nan ana hango kogin sosai.