Kurakuran da aka fi yi game da giyar inabi, da yadda za a gyara su

Na taɓa matse inabi na cika gora, na rufe, na manta da ita a kan teburi kwana uku a lokacin zafi. Ranar da na tuna na murɗa marfin, sai ji na yi fuuu, kumfa ta taso, wani wari mai tsami-tsami ya bugi hancina. Ban zuba mata komai ba. Wannan ne kuskuren farko, mutane da yawa suna zaton sai an zuba wa ruwan inabi wani abu kafin ya zama giya. Yis yana nan a jikin ɓawon inabin da cikin iska. Da ya sami sukari da ɗumi sai ya hau ci, yana fitar da sinadarin barasa da iskar da ke kumbura gorar. Louis Pasteur na Faransa ne ya nuna a 1857 cewa ƙwayoyi masu rai ne ke wannan aikin. A 1869 kuma wani likitan haƙori a Amurka, Thomas Welch, ya dafa ruwan inabi don kashe yis ɗin, daga nan aka samu ruwan inabin kwalba wanda ba ya tsima. Don haka wanda ya matse nasa a gida ya sa a firij, ya shanye cikin kwana biyu ko uku. In ya ga gora ta kumbura ko ta yi tsaki wajen buɗewa, ya zubar.

Kuskure na biyu a jikin kwalba yake. Akwai ruwan inabi mai gas wanda bai taɓa tsima ba, akwai kuma giyar da aka yi ta cikakkiya sannan aka janye barasarta da inji. Kwalabensu iri ɗaya ne, dogon wuya da marfi mai ƙyalli, sau da yawa ma a jere ake ajiye su. Ita ta biyun, dokar Amurka da ta Tarayyar Turai sun yarda a sayar da ita a matsayin wadda aka cire wa barasa ko da akwai saura har kashi 0.5 cikin 100. Kada babban rubutun gaba ya ishe ka. Juya kwalbar ka nemi lambar da ke da alamar % a gefe, ka ga 0.0 ce ko 0.5, ka kuma karanta jerin abin da aka haɗa.

Sai maganar girki. Ana cewa in an zuba giyar inabi a miya, wuta tana ƙone barasar duka. Dalilin da ake kawowa shi ne barasa tana tafasa a digiri 78, ruwa kuwa sai 100. Haka ne, amma in sun gauraya ba ta fita ita kaɗai ta bar ruwan. Wani bincike da Ma'aikatar Noma ta Amurka ta ɗauki nauyi, aka wallafa a 1992, ya auna abin. Bayan minti 15 a kan wuta saura kashi 40 cikin 100 na barasar da aka zuba. Bayan awa ɗaya saura 25. Sai an yi awa biyu da rabi take sauka zuwa 5. Wanda ake kunna wa ashana ya yi harshen wuta a kasko kuwa, kusan kashi 75 na nan daram. Mai guje wa barasa saboda addini, ko ciki, ko magani, ya tambayi abin da aka sa a abincin. In kuma shi ke girkin, ruwan inabi da ɗan khal (wato binega, ruwan tsamin girki) ko lemon tsami suna ba da zaƙi da tsamin da ake nema.

Wanda ya fi damuna shi ne na lafiya, domin shi ne ke jan wanda bai taɓa sha ba. Wai kofi ɗaya na jar giyar inabi a kullum yana gyara zuciya. Maganar ta yi ƙarfi ne a 1991, lokacin da wani shirin talabijin na Amurka ya yi hira da masanin Faransa Serge Renaud, kan cewa Faransawa suna cin kitse amma ciwon zuciya bai cika kama su ba. Aka ɗora abin a kan jar giya, ciniki ya tashi. Daga baya masu bincike suka gano inda gizo ke saƙar. A binciken farko an kwatanta masu sha kaɗan da waɗanda ba sa sha, alhali cikin marasa shan akwai waɗanda ciwo ne ya sa suka daina. Ka ga dole masu sha kaɗan su fito kamar sun fi lafiya. Ga shi kuma galibinsu masu hali ne, suna cin abinci mai kyau, suna ganin likita a kan lokaci. Da aka ware waɗannan, yawancin amfanin ya zube.

Sinadarin resberatirol da ake ta yabo fa? Yana nan a ɓawon inabi, amma ɗan mitsitsi ne a kofi. Kafin mutum ya kai adadin da aka ba ɓeraye a ɗakin gwaji, sai ya sha ɗaruruwan kofuna a rana. Mai son sa ya ci inabin da ɓawonsa. A ɗaya gefen kuma, tun 1988 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa barasa a rukunin farko na abubuwan da ke jawo daji, tare da taba. Hanta tana mayar da ita wani guba mai lalata ƙwayoyin halitta, kuma an danganta ta da dajin baki, maƙogwaro, hanta, hanji da nono. A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa ƙarara cewa babu adadin da za a ce ba ya cutarwa. Ba na jin akwai sauran hujja ga mai cewa magani yake sha.

Wasu kuma suna ɗaukar ta mai sauƙi saboda zaƙinta da ƙamshinta. Barasarta kan kai kashi 12 zuwa 14, ita kuwa giyar sha'ir wajen kashi 5. Ƙaramin kofi mai mililita 150 daidai yake da gwangwanin giyar sha'ir guda.

Akwai ƙananan da za a wuce da sauri. Ruwan yawancin baƙin inabi fari ne, jan daga ɓawon yake fitowa in an bar shi ya jiƙu, shi ya sa ake iya yin farar giya da baƙin inabi. Ba kowace ke ƙara kyau da tsufa ba, mafi yawa ana yin su ne don shekara ɗaya ko biyu. Wadda iska ta shiga kuwa, wasu ƙwayoyin bakteriya ke mayar da barasarta tsami, ta zama khal.

Na ƙarshe yana iya cin rai. Ana cewa tana ɗumama jiki a sanyi. Jijiyoyin fata take buɗewa, jini ya taso sama, mutum ya ji ɗumi alhali zafin cikinsa fita yake yi. Haka nan baƙin kofi ko wankan ruwan sanyi ba sa sakin wanda ya bugu. Hanta tana share barasar kimanin kofi ɗaya na giya ne a awa, babu abin da ke hanzarta ta. In ka tarar da wani ya sha har ya fita hayyacinsa, kada ka ɗura masa komai, kada ka bar shi a rigingine, domin amai na iya shaƙe shi. Kwantar da shi a gefensa, ka lulluɓe shi, ka zauna kusa. In numfashinsa ya yi jinkiri, ko ka girgiza shi bai farka ba, a kai shi asibiti nan take.