Darasi na 9: Sayen Zarton Inji Na Hannu

Sabon zarton inji yana da tsada. Shi ya sa mai sana'ar itace a Damagaram yakan nemi na hannu, ko wurin dillali a kasuwar Dole ranar Alhamis, ko wurin masu gyara, ko a gwanjo. A gwanjo mai kaya ba ya yanke kuɗi. Jama'a ne ke tayawa, wanda ya fi kowa tayi shi ake sallama wa. Nan ne zuciya ke kwasar mutum: ya ga wani ya ƙara jika biyar, shi ma ya ƙara don kada a ce an kayar da shi. Ka yanke iyakar kuɗinka tun daga gida. In tayi ya wuce nan, ka kama bakinka.

Sunaye biyu ne suka fi riƙe daraja: Stihl, kamfanin Jamus da aka kafa a 1926, da Husqvarna na ƙasar Suwidin. Tsohon Stihl 070 yana da nauyi, yana shan mai, amma ana samun kayan gyaransa, ana kuma samun masu gyara da suka san cikinsa. Abin da ke sa ya sayu ke nan ranar da ka tashi sayarwa. A Turai akwai masu tara tsofaffin zartuna don sha'awa, suna biyan kuɗi saboda tsufan. A nan ba mai biyan tsufa, aiki ake saye. Kuma jabu ya yi yawa, mai launi ɗaya da na asali, don haka ka sa a karanta maka lambar da ke jikin injin.

Fenti ba ya yanka itace. Kafin a tayar, ɗora tafin hannunka a jikin injin. In ka ji ɗumi, an riga an tayar da shi kafin ka iso, wataƙila don yana gardama da sanyi. Ka ce sai ya huce. Sannan ka riƙe shi ta hannun igiyar tayarwa, ka sake shi a hankali. Lafiyayyen inji yana sauka da ƙyar, yana tsayawa. Wanda ya zarce ƙasa sululu, ƙarfinsa ya tafi. In mai kaya ya yarda, mai gyara ya cire salansa ku leƙa fistan. Zane-zane a jikinsa, kamar an ja ƙusa, alama ce an sha ba shi esansi ba gauraye. Wannan inji ba ya shan esansi zalla. Da man Stihl, ma'aunin shi ne kashi 1 na mai cikin kashi 50 na esansi, wato santilita 10 a lita 5.

Idan ya tashi, nuna bakinsa ga farin kwali. Sarƙa mai samun mai takan fesa ɗan layi a kai.

Yanzu lissafi, a matsayin misali. An sallama maka zarto a jika 120, wato sefa 120,000. Mai gyara ya ce sarƙa jika 15, fistan da aikin hannu jika 25. La'adar dillali jika 5. Zarton ya tsaya maka a jika 165, ba 120 ba. Wannan jimlar za ka gwada da kuɗin sabo, ita ce kuma za ka tuna ranar da wani ya taya.

Ka karɓi takardar ciniki mai sunan mai kaya da lambar inji, gaban shaidu biyu, don kada ka sayi na sata. Mallakar zarto kuma ba izinin sara ba ne. Dokar daji ta 2004 tana nan, gawo yana cikin itatuwan da aka kare. Ka fara zuwa ofishin gandun daji.

Aiki: Kana da jika 150. Gyara da la'ada za su ci jika 45. A ina za ka tsayar da tayinka? Rubuta amsar da lamba, sannan da kalmomi.