Yadda zaka shiga fadamar Hadejia-Nguru da kwalekwale kai kaɗai ka fito kafin magariba

Idan hanya ta biyo dakai daga Kano ta Hadejia zuwa Nguru ko Gashuwa, to ka ware yini guda ka shiga ruwa, don mutane da yawa wucewa kawai sukeyi a mota suna hango koren ciyawa ta taga basu san abinda ke ciki ba. Nan ne kogin Hadejia da na Jama'are suke bazuwa kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe dake gangarawa Tafkin Chadi, kuma tafkin Nguru da mashigar Marma tun 2000 aka sasu cikin jerin Ramsar, wato jerin fadamu masu muhimmanci na duniya. Akwai fadamar Baturiya a ɓangaren Jigawa, akwai matattarar tsuntsaye ta Dagona a ƙasar Bade wadda ke ƙarƙashin gandun dajin Chad Basin, ita wannan sai ka biya ta wajen ma'aikatan gandun ka nemi izini tukunna.

Lokaci shine farko. Kada kaje a Agusta ko Satumba, ruwa ya cika ya tumbatsa ga gudu, balle in an saki na madatsun ruwan Tiga da Challawa, wannan ba lokacin baƙo bane sam. Ka bari sai Nuwamba zuwa Janairu, ruwa ya kwanta kuma tsuntsayen da suka gudo daga sanyin Turai sun sauka, zakaga agwagin ruwa garke garke ga dinya ga zalɓe ga balbela kamar an shanya farin kaya. Ka kwana a Hadejia ko Nguru ka tambayi direbobin tasha lafiyar hanya, banda tuƙin dare, da asuba kayi sallah ka nufi bakin ruwa.

Kana isa gari kada ka zarce wajen jirage kai tsaye, ka fara gaida mai gari ko Bulama sannan a haɗaka da Sarkin Ruwa, kace ranka ya daɗe baƙo ne nazo ganin ruwa ina son aron jirgi na yini. Shi zai nuna maka wanda zai baka haya kuma a gabansa zaka faɗi inda zaka da lokacin da zaka dawo, ka bar lambar wayarka, ka bar motarka a ƙofar gidan da aka sani. Da yawa zasu ce a haɗaka da yaro, kuma gaskiya in baka iya iyo ba ko baka taɓa riƙe filafili ba ka yarda kawai, ba abin kunya bane. In ka iya, ka roƙi mai jirgin ya zagaya dakai na ɗan lokaci a kusa da gaɓa yaga hannunka.

Ka duba jirgin da kyau ko yana yoyo, ka karɓi filafili da gora duka biyu saboda wani wajen ruwan baikai gwiwa ba filafili bazai yi aiki ba sai dai ka tokara, sannan ƙwarya ko yankakken galan na kwalfe ruwa. Rigar ceto kuwa ka sayo abarka tun daga Kano kada kasa ran samu a ƙauye, kuma ka sakata ajikinka ba ka zauna akai ba. Ruwan sha mai yawa, malfa, dabino da ƙuli, waya da pawa banki a ƙulle cikin leda biyu.

Ka zauna a baya ka ajiye kayanka a gaba don kan jirgin kada ya ɗaga iska ta dinga juyaka, kuma ka fara tafiya ta inda ruwa ke fitowa wato kana tunkarar gudunsa tun kana da ƙarfi, in ka gaji da rana shi zai maidoka. Iskar hunturu tana tashi da hantsi ne don haka buɗaɗɗen tafki ka gama dashi da sassafe.

Abinda yafi komai haɗari anan kachala ce, wannan doguwar ciyawar data toshe hanyoyin ruwa ta hana manoma da masunta sakat. Tafi tsayin mutum, kana shiga lungunta ko ina iri ɗaya, ka juya sau biyu shikenan baka san gabas ba. Ka tsaya a babbar hanyar da jirage kebi, duk mararrabar daka wuce ka waiwaya kaga yadda take daga ɗaya ɓangaren ka ƙulle kan ciyawa a matsayin alama, ka kunna manhajar dake zana sawunka a waya don netwok yana ɗaukewa amma GPS yana aiki. In ka rikice kada ka cigaba da kutsawa, ka tsaya cak ka saurari muryar masunta ka ƙwala sallama.

Koma da gura kuma, wato raga da tarkon kamun kifin mutane, ka kewaye su, kada ka ɗaga don ganin me ya kama, abincin wani ne. Kada kayi wanka a ruwan dake kwance saboda tsargiya, in kuma ka jiƙe sosai daga baya kaga jini a fitsari sai asibiti. Azahar nayi ka juyo komai daɗin wajen, ka iso gaɓa da la'asar ka biya mai jirgi ka sayi kifi mai kyau a hannunsa, sannan ka koma ka shaidawa Sarkin Ruwa ka fito lafiya kada a tada mutane nemanka.