Yadda ake koyon montaji don haɗa bidiyon horar da ma'aikata

Duk wurin da ake ɗaukar sababbin ma'aikata, ko kantin magani ne a Sabon Gari, ko sito a bakin Kasuwar Dole, ko ofishin wata ƙungiya, akwai bayanin da babba ke maimaitawa har yawunsa ya bushe. Bidiyo na minti 3 yana iya ɗauke masa wannan nauyi. Montajin irin wannan bidiyo kuwa, wato yanka hotuna da murya a jera su su zama bidiyo ɗaya, bai kai wuyar da ake ba shi ba, don mafi yawansa yanka ne da zubarwa.

Fara da zaɓen manhaja ɗaya, ka tsaya a kanta. Masu waya kaɗai sun fi sabawa da CapCut, kuma tana aiki, sai dai wasu kayanta na kuɗi ne, wasu sai da intanet. In akwai kwamfuta, ni Shotcut nake ba mai koyo shawara: kyauta ce, in ka sauke ta ba ta ƙara neman rezo, kuma ana iya juya ta zuwa Faransanci. Za ka ji ana yabon DaVinci Resolve ta kamfanin Blackmagic Design. Ta cancanci yabo, amma tana son ƙwaƙwalwar aiki ta giga 16, abin da yawancin kwamfutocin ofisoshinmu ba su da shi. Bar ta tukuna.

Kafin ka taɓa kyamara, ɗauki takarda. Bidiyo ɗaya, aiki ɗaya. A ce yadda ake tada injin wuta ne: duba mai, duba baƙin man inji, cire lodi, tadawa, mayar da lodi. Kowane mataki layi ɗaya, a gefensa ka rubuta abin da ido zai gani. Maganar kashe injin da wanke shi ta jira nata bidiyon.

Wajen ɗauka, kafe wayar a kan wani abu, ka goge gilashinta, musamman da hunturu da ƙura ke lulluɓe komai a Damagaram. Ko a kwance ko a tsaye, zaɓi ɗaya kada ka gauraya. Kowane mataki ka ɗauke shi sau biyu, daga nesa, sannan kusa da hannun mai aikin. Ka nemi yardar duk wanda zai fito, kuma kada sunan wani mai ciniki ko maras lafiya ya bayyana a takarda.

Murya daban ake ɗaukarta, kuma nan ne mafi yawan masu koyo ke sakaci. Mutum zai jure hoto mai ɗan duhu, amma in bai ji abin da ake faɗa ba, rufewa zai yi. Nemi ɗaki mai labule da darduma, kashe fanka ko da zafin Afrilu ne, ka zaɓi lokacin da ƴan kabu-kabu suka lafa. Wayar ta kasance kamar taƙi ɗaya daga baki. Mai bayanin ya yi magana da Hausar da ake yi a wurin aikin, da sunayen da ma'aikata ke kiran kayan, ko da na Faransanci ne. In ya yi tuntuɓe, ya tafa hannu ya sake jimlar. Tafin zai fito dogo a zanen sautin, ka gane wurin yanka ba tare da lalube ba.

Yanzu tara komai cikin jaka ɗaya a kwamfuta. Fayil ɗin aikin Shotcut ba ya ɗauke da bidiyoyin a cikinsa, hanyarsu kawai yake riƙewa, in ka matsar da su zai neme su ya rasa.

Sai yankan kansa. Shimfiɗa muryar a layin ƙasa na wurin jera guntaye a manhajar tun farko, ka tsabtace ta, sannan ka ɗora hotuna a samanta, kowane hoto daidai da maganarsa. Masu farawa da hoto suna ƙarewa da jan magana don ta cika wuri. Maɓallai kaɗan sun ishe ka a Shotcut: dogon maɓallin tazara yana kunnawa da tsayarwa, S yana raba guntu a inda alama take, X yana cire guntun ya haɗe giɓin, Ctrl da Z suna dawo da abin da ka ɓata. Ctrl da S kuwa ka mayar da su ɗabi'a, don wuta ba ta sallama in za ta tafi. Zubar da gyaran murya, da tafiyar mutum zuwa wurin injin, da doguwar gaisuwa (shugaba zai so jawabinsa ya shiga, lallashe shi ya tsaya a jimla biyu). Amma inda hannu ke yin abu mai haɗari, kada ka gaggauta, bar hoton kusa ya daɗe, ka ma maimaita shi. Juye-juyen ado tsakanin hotuna, irin su tauraro da buɗe labule, ba su koyar da kowa komai. In kwamfutar tana sarƙewa, kunna Proxy a cikin saiti, za ta yi aiki da ƙananan kwafi marasa nauyi.

Rubutu a kan hoto ya zama manya, kalmomi kaɗan, da lambar mataki. Duba ko salon haruffan yana fitar da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Noto Sans da Andika suna yi, wasu kuwa akwati suke nunawa. Kada ka ɗora muhimmin bayani a rubutu kaɗai, ba kowane ma'aikaci ke karanta boko ba.

Fitar da bidiyon a tsarin fayil na MP4, girman hoto 720p. A megabit 2 cikin daƙiƙa, minti ɗaya yana kama wajen mega 15, wanda zai wuce ta WhatsApp ko kile ba tare da cinye kuɗin mutane ba. Sannan ka ba wani sabon ma'aikaci ya kalla a ƙaramar waya, ka sa shi ya yi aikin, kai kuma ka yi shiru. Inda ya tsaya yana waige-waige, koma cikin jakar aikin ka ƙara hoton kusa a wannan matakin.