Yadda Ake Zana Taswirar Sinadaran Lakar Rafi Don Neman Ma'adinai

Lakar da ruwa ya ajiye a gindin rafi tana ɗauke da ɓurɓushin duk duwatsun da ke sama da wurin, har zuwa mafarin ruwan, kuma a kan wannan ne aikin gaba ɗaya ya dogara.

A binciken yanki mai faɗi, akan ɗebi samfur ɗaya a kowane 'yan murabba'in kilomita, daga ƙananan rafuka, kaɗan kafin su haɗu da babban kogi. A ɗauki laka mai laushi daga tsakiyar hanyar ruwa, a guji ƙasar da ta zubo daga gaɓa, a shanya ta, sannan a tankaɗe da rariya mai lamba 80, wadda ramukanta ba su wuce milimita 0.18 ba. A ɗebi samfur biyu a wuri ɗaya cikin kowane ashirin, domin a gane ko bambancin alƙaluma daga ƙasa ya fito ko daga kuskuren aiki.

Idan sakamako ya dawo daga ɗakin gwaje-gwaje, kada a yi gaggawar ɗaukar matsakaici, domin samfura ƙalilan masu yawan ƙarfe sukan ja shi sama. Tun 1954 masanin sinadaran ƙasa Ahrens ya nuna cewa yawan irin waɗannan sinadarai yakan karkata gefe ɗaya, shi ya sa ake mayar da alƙaluman zuwa logaridim, wato lissafin da ke rage tazarar da ke tsakanin manyan alƙaluma da ƙanana, kafin a sanya iyakar abin da ya fita daga al'ada. A raba samfuran gwargwadon nau'in dutse, saboda nikel ɗin da ya zama ruwan dare a kan dutse mai duhu abin lura ne a kan giranit. A kuma yi hattara da tsatsar ƙarfe da manganis da ke manne wa tsakuwa baƙi ƙirin, tana zuƙar tutiya da kobalt har mai bincike ya zaci ya dace.

Wajen zane, a ganina kuskure ne a ja layuka tsakanin ɗigo da ɗigo na wuraren samfur kamar taswirar ruwan sama. Gara a shafa wa kowane kwarin da ke zuba ruwa cikin wurin samfur launinsa, a kuma tuna cewa babban kwari yana tsarma alamar ma'adini, don haka ɗan ƙaramin tashi a cikinsa na iya fin babban tashi a ƙaramin kwari muhimmanci. Inda asenik da antimoni suka tashi tare, a koma a bi rafin zuwa sama da samfura kusa-kusa, domin su ne sukan raka zinari.